Ƙaramin sauyin ƙwayar gadon Fragile X: Yadda yake shafar lafiya da maganar mata

Fragile X lalura ce ta gado da ke kan gaba wajen haddasa naƙasar fahimta da ake gada daga iyaye. Tushenta wata ƙwayar gado ce mai suna FMR1 da ke kan kuromosom na X, wadda masana suka gano a shekarar 1991. An daɗe ana ɗaukan cewa matan da ke ɗauke da ƙaramin sauyi a wannan ƙwaya suna miƙa shi ga 'ya'yansu ne kawai, su kuwa lafiyarsu ƙalau. Bincike ya nuna ba haka abin yake ba.

Mene ne ƙaramin sauyi?

A cikin ƙwayar akwai wani sashe mai haruffa uku, CGG, da ke maimaita kansa. A jikin yawancin mutane maimaicin bai wuce sau 44 ba. Daga 55 zuwa 200 shi ne ƙaramin sauyi. Idan ya haura 200 ya zama cikakken sauyi, ƙwayar ta daina aiki, jiki ya rasa furotin da ƙwaƙwalwa ke buƙata wajen girma. A ƙaramin sauyi kuwa ƙwayar tana aiki, sai dai takan fitar da saƙonni fiye da kima, waɗanda kan taru su cutar da ƙwayoyin jiki. An ƙiyasta cewa mace ɗaya cikin 150 zuwa 300 na ɗauke da shi, akasari ba tare da ta sani ba.

Haihuwa da lafiyar jiki

Illar da aka fi tabbatarwa ita ce gazawar ma'ajiyar ƙwai da wuri. Kimanin kashi 20 cikin 100 na waɗannan mata al'adarsu kan rikice ko ta ɗauke kafin shekara 40, alhali a sauran mata kashi 1 ne kacal. Haɗarin ya fi yawa ga masu maimaici tsakanin 80 da 100. Wannan kan jawo wahalar samun ciki da raunin ƙashi daga baya.

Akwai kuma lalurar karkarwar hannu da tangaɗi wajen tafiya, wadda Dakta Randi Hagerman da abokan aikinta na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka bayyana a 2001. Takan bayyana bayan shekara 50, kuma ta fi kama maza, domin mace tana da X na biyu da ke rage tasirin wanda ya samu sauyi. Haka nan an lura da yawan fargaba, ciwon damuwa, ciwon kai na ɓari guda da ciwon gaɓoɓi da tsoka a tsakanin matan.

Tasiri a kan magana

Sauyin ba ya hana mace magana, kuma yawancinsu kaifin basirarsu daidai yake da na kowa. Bambancin ɗan kaɗan ne, sai an auna ake gane shi. A 2013, Audra Sterling da abokan aikinta a Amurka sun nazarci jawaban minti biyar na iyaye mata masu ƙaramin sauyi, suka kwatanta su da na iyayen yara masu lalurar otizim. Masu sauyin sun fi yawan maimaita kalma, da tsayawa a tsakiyar jimla don gyara ta, kuma hakan yana ƙaruwa da shekaru. Wasu binciken sun nuna ɗan sarƙaƙiya wajen tafiyar da hira, kamar kauce wa batu ko yin bayani fiye da buƙata. Masana na danganta wannan da sashen ƙwaƙwalwa mai tsara tunani da riƙe bayani na ɗan lokaci.

Yadda ake gadonsa

A kowane ciki, damar uwa ta miƙa X mai sauyin rabi da rabi ce, kuma ta wajen uwa ne yakan faɗaɗa ya zama cikakke. Idan maimaicin ya haura 100, kusan tabbas ne zai faɗaɗa in an miƙa shi. Uba mai ƙaramin sauyi yana ba duk 'ya'yansa mata, ba ya ba maza. Auren zumunci ba shi ne sanadi ba, kuma gwajin jini na sikila da ake yi kafin aure ba ya gano shi, sai gwajin DNA na musamman.

Wa ya kamata ta yi gwaji?

Likitoci na ba da shawarar gwaji ga macen da al'adarta ta ɗauke kafin shekara 40, ko wadda a danginta akwai yaro mai jinkirin magana da fahimta ba tare da sanin dalili ba, ko dattijo mai karkarwa da tangaɗi. Babu maganin da ke gyara ƙwayar, amma sani da wuri yana ba mace damar tsara haihuwa, da samun maganin sinadaran jiki don kare ƙashi, da kula da damuwa, sannan ya zama faɗakarwa ga 'yan uwanta mata.