Gidajen Mr Fluffy: Abin da Masu Saye Suka Gada a Saman Silin

A watan Fabrairun 2014, hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Kanbera, babban birnin Ostareliya, ta aika wasiƙa zuwa gidaje sama da 1,000. Wasiƙar ta sanar da mazauna cewa gidansu yana cikin waɗanda aka taɓa zuba wa asbestos a saman silin, cewa mai yiwuwa ragowarsa na nan, kuma ya kamata su nemi ƙwararre ya duba. Da yawa daga cikin waɗanda suka buɗe ta ba su ne suka gina gidajen ba. Saye suka yi, wasu da bashin banki na shekaru masu yawa, bayan an shaida musu cewa gwamnati ta riga ta tsaftace wurin tun farkon shekarun 1990. Wasu kuwa ranar ce suka fara jin labarin.

Asbestos ma'adini ne da ake haƙowa daga dutse, amma idan aka farfasa shi sai ya warware ya zama zare-zare kamar auduga. Wuta ba ta cin sa, ba ya ruɓewa, ga shi da araha. A shekarar 1900 wani ɗan Ostiriya mai suna Ludwig Hatschek ya yi rajistar dabarar cuɗa shi da siminti a fitar da faranti, wanda daga baya ya sa wa suna Eternit. Wannan faranti ne ya zagaya duniya, kuma shi ne mutanenmu suka sani a rufi da silin na tsofaffin makarantu da gidajen ma'aikata. A cikinsa siminti ya ɗaure zaren, don haka hatsarinsa kaɗan ne muddin yana zaune lafiya. Yana tashi ne idan aka yanka shi, ko aka huda, ko aka kankare, ko ya tsufa ya fara marmashewa.

Abin da aka yi a Kanbera ya fi wannan muni nesa ba kusa ba. Birnin yana da sanyin hunturu mai tsanani, dare yakan sauka ƙasa da sifili, kuma a shekarun 1960 yana bunƙasa da sauri, unguwanni na tsirowa ɗaya bayan ɗaya. Daga 1968 zuwa 1979 wani ƙaramin kamfani da jama'a suka fi sani da Mr Fluffy, sunan da ke nuni da laushin kayansa, ya riƙa tallata maganin sanyi mai rahusa. Ma'aikatansa sukan niƙa tsantsar asbestos, galibi nau'in ruwan ƙasa da ake kira amosait, su hura shi da inji ta cikin tiyo zuwa sararin da ke tsakanin rufi da silin. Babu siminti, babu wani abu da ya ɗaure shi. Gari ne kawai a shimfiɗe a kan ɗakunan kwanan mutane.

Ba za a ce a 1968 ba a san illarsa ba. Tun a 1924 wata ma'aikaciyar masaƙar asbestos a Rochdale ta Ingila, Nellie Kershaw, ta rasu da huhu mai cike da tabo, kuma rahoton likita a kan mutuwarta ya shiga littattafan likitanci. A 1955 Richard Doll ya tabbatar da alaƙar asbestos da sankarar huhu. A 1960 kuma J. C. Wagner da abokan aikinsa suka wallafa bincike daga Afirka ta Kudu a kan mutum 33 masu mesoteliyoma, wato sankarar tantanin da ke lulluɓe da huhu, kuma wasu daga cikinsu ba su taɓa aiki a mahaƙa ba, zama kusa da ita kawai suka yi. Wannan binciken ne ya kamata ya tayar wa kowace hukumar gidaje hankali, domin ya nuna cewa ba sai ma'aikaci ba, mazauni ma yana kamuwa.

A Kanbera ma an yi gargaɗi. A cikin 1968, shekarar da kamfanin ya fara aiki, wani masanin lafiyar wuraren aiki ya duba yadda ake hura kayan, ya rubuta wa hukumomin tarayya rahoto yana ba da shawarar a yi tunanin hana kamfanin amfani da asbestos, saboda ma'aikata da kuma sauran jama'a. A lokacin gwamnatin tarayya ce ke mulkin birnin kai tsaye, domin bai sami gwamnatin kansa ba sai 1989. Rahoton ya shiga fayil, kamfanin kuwa ya ci gaba da sana'arsa har shekara 11.

Gyaran farko ya zo tsakanin 1988 da 1993. An duba gidaje kusan 65,000, aka gano sama da 1,000, aka kashe kimanin dalar Ostareliya miliyan 100. Akan lulluɓe gida gaba ɗaya da leda, ma'aikata su shiga da rigunan kariya, su zuƙe garin da inji, sannan su shafe katakon rufin da wani sinadari mai ɗaure ƙura. Aiki ne babba, kuma an yi shi da niyya mai kyau. Sai dai sharaɗinsa shi ne a cire abin da ido ya gani kuma hannu ya kai. Zaren asbestos kuwa ya fi gashin mutum siriri sau da yawa, kuma a cikin shekara 20 da ya yi a sama ya riga ya zurara ta ramukan bango, ya sauka har ƙarƙashin daɓe, ya shiga bututun ɗumama ɗaki da bayan kabad.

A nan ne lamarin ya koma na ciniki. An faɗa wa masu gidajen na lokacin cewa ragowa na iya kasancewa a cikin bango, amma gida yana canza hannu, kuma gargaɗi ba ya bin sa yadda takardar mallaka take bin sa. Mai saye na biyu ko na uku yakan tarar da takarda a fayil ɗin ginin da ke cewa an cire asbestos, shi da lauyansa su karanta ta a matsayin shaidar lafiya, alhali iyakar abin da ta tabbatar shi ne an yi aikin. Mutane suka rushe bango don faɗaɗa kicin, suka hau silin don ja waya, suka kira masu aikin famfo da na lantarki waɗanda ba su san abin da suke shaƙa ba. A 2003 ƙasar ta haramta asbestos gaba ɗaya, amma haramcin ya shafi sabon kaya ne, bai fitar da ko ƙwaya ɗaya daga tsohon bango ba.

Abin da ya fasa ƙwan shi ne wani gida a unguwar Downer wanda aikin tsaftacewar ya tsallake. Da aka warware shi daki-daki a 2013, sai aka ga yadda zaren ya ratsa ko'ina a jikin ginin. Daga nan aka aika wasiƙar 2014, aka fara gwaji a gidajen da ake zaton sun tsira, aka kuma sami zaren a falo da ɗakunan yara na da dama daga cikinsu. Akwai iyalan da suka fita a rana ɗaya, suka bar tufafi da katifu da littattafai, domin duk abin da ke riƙe ƙura ba ya wankuwa.

Ranar 28 ga Oktoba 2014, gwamnatin birnin ƙarƙashin Katy Gallagher ta sanar da cewa babu hanyar gyara waɗannan gidaje, za ta saye su duka ta rushe. Gwamnatin tarayya, wadda a zamanin mulkinta aka yi ɓarnar, rance ta bayar na dala biliyan 1, ba gudummawa ba. An yi wa kowane gida kuɗi bisa farashinsa na wannan rana, kamar babu asbestos a cikinsa, kuma wanda ya karɓa sai ya yafe haƙƙin kai gwamnatin birnin ƙara a kan asarar dukiya. Mai son komawa filinsa yana da damar farko ta saye, amma a farashin kasuwa na lokacin da aka gama share shi, kuma farashin ƙasa a Kanbera bai tsaya jiran kowa ba. Tsofaffi da yawa da suka yi shekara 40 a unguwa ɗaya ba su iya komawa ba. A tsakiyar 2015 aka wallafa jerin adiresoshin, fiye da 1,020, don masu saye da 'yan haya da magina su gani da idonsu, abin da da an yi shi a 1993 da ya rage ɓarna mai yawa. A maƙwabciyar jiha ta New South Wales, inda kamfanin ya yi aiki a garuruwa irin su Queanbeyan amma tsaftacewar farko ba ta kai ba, sai a 2015 aka fara shirin saye da rushewa.

Lissafin lafiya kuwa bai rufe ba, domin mesoteliyoma takan ɗauki shekara 20 zuwa 50 kafin ta bayyana. Binciken da Jami'ar Ƙasa ta Ostareliya ta wallafa a 2017 ya bi diddigin mutum kusan 17,000 da suka taɓa zama a gidajen, ya gano cewa mazan cikinsu sun kamu da cutar ninki biyu da rabi fiye da sauran mazan birnin. Adadin masu cutar kaɗan ne, kuma ba a sami mace ko ɗaya ba a lokacin binciken, amma waɗanda suka kamu sun faɗa wani rami na doka: diyyar asbestos an tsara ta ne don ma'aikata, shi kuwa wanda ya shaƙe shi yana yaro a gidan iyayensa ba shi da ubangidan da zai kai ƙara, kuma kamfanin ya daɗe da rufewa. Sai a 2021, shekara 53 bayan rahoton farko, gwamnatin tarayya ta amince ta sa dala miliyan 8 a asusun tallafa wa irin waɗannan marasa lafiya.