Shin Ruwa Yana da Launi? Tarihin Wata Gardama ta Masana

Duk yaron da ya zauna a aji uku ko huɗu na firamare an biya masa, ya kuma haddace, cewa ruwa mai tsabta ba shi da launi, ba shi da ɗanɗano, ba shi da wari. Da wannan jimla ake cin jarrabawa, da ita kuma malamin da ya koyar ya ci tasa. Ɗanɗano da wari ba su ne abin dubawa a wannan lacca ba. Maganar launi ce ake so a bi tarihinta, domin kuwa ba daidai ba ce. Ruwa yana da launi, launin kuwa shuɗi ne, sai dai mai rauni ƙwarai, wanda ido ba ya kama shi sai ruwan ya yi zurfi. Abin da ya sa batun ya cancanci zama guda shi ne yadda aka yi ta kama amsar ana sakinta har kusan shekara 300, kuma waɗanda suka fi jawo jinkirin su ne masanan da aka fi ganin girmansu.

Ya kamata a fara da gida. A bakin Bahaushe kalmar ruwa ita kanta tana nufin launi: akwai ruwan goro, da ruwan toka, da ruwan ɗorawa, da ruwan hoda, da ruwan ƙasa, ga alama saboda a cikin ruwa ake jiƙa abin rini, kamar yadda ake jiƙa baba a marina. Amma idan ruwa ne zalla, garai-garai, sai a kira shi baƙin ruwa, a bar sunan farin ruwa ga wanda aka dama da ɗan gari. Larabawan da ma haka suka gani, don suna haɗa dabino da ruwa su kira su baƙaƙe biyu. Wanda ya taɓa leƙa rijiya mai gaba ashirin ya san inda wannan baƙi ya fito. Littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaure, irin su Ahalari da Ishmawi da Risala, sun ɗora tsarkin ruwa a kan siffofi uku, watau launi da ɗanɗano da ƙamshi, amma abin da ya dame su shi ne jirkitar siffar, ba asalinta ba. Shehu Junaidu na Bagadaza kuwa, wanda ya rasu a 910, an ruwaito yana buga misali da cewa ruwa launin mazubinsa yake ɗauka. Wannan shi ne ra'ayin da ya rinjaya a duniya tun zamanin Aristo, wanda ya lissafa ruwa da iska cikin abubuwan da gani yake ratsawa. Ibnul Haisam, mai littafin Almanazir, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya matsa gaba kaɗan da ya nuna cewa babu wani jiki da haske yake ratsawa sarai ba tare da ya tare wani abu daga cikinsa ba. Saura a san wane abu ne ruwa yake tarewa.

Ba a sami hanyar yin wannan tambaya ba sai da Isaac Newton na Ingila ya nuna cewa farin hasken rana haɗin launukan bakan gizo ne, daga ja zuwa shunayya. Daga nan aka gane cewa launin kowane abu shi ne abin da ya rage na hasken bayan abin ya shanye rabonsa. A littafinsa na ilmin haske da ya fito a 1704, Newton ya kawo labarin abokinsa Edmond Halley, mutumin nan da aka sa wa tauraruwa mai wutsiya sunansa. Halley ya ƙera wata tukunyar nutso mai siffar ƙararrawa a 1691, ya shiga cikinta aka zura shi teku. Ya ce a can ƙasa ya ga bayan hannunsa, inda rana take bugawa ta wata 'yar taga, ya yi ja kamar fure, ruwan da ke ƙarƙashinsa kuwa kore. Sai Newton ya yanke hukunci cewa ruwan teku yana mai da shuɗi baya, yana barin ja ya wuce zuwa zurfi. Gaskiyar al'amari kuwa akasin haka ne: ja shi ne yake fara mutuwa a cikin ruwa. William Beebe na Amurka, wanda ya nutsa mita 923 a cikin wata ƙwallon ƙarfe kusa da tsibirin Bamuda a 1934, ya ga haka da idonsa, ja ya fara ɓacewa, sa'an nan ruwan goro, sa'an nan kore, har ya rage shuɗi mai duhu kaɗai. Newton ya gina hukuncinsa a kan shaidar mutum ɗaya, amma da yake Newton ne, maganar ta daɗe tana yawo.

Wanda ya warware matsalar, ko da yake ba a saurare shi yadda ya kamata ba, shi ne Robert Bunsen na Jamus, wanda kowane ɗalibin kimiyya ya san murhun gas na ɗakin gwaji mai sunansa. A 1846 ya je tsibirin Aislan don nazarin duwatsu masu aman wuta, ya ga maɓuɓɓugan ruwan zafi masu shuɗi a cikin farin dutse. Da ya koma gida sai ya yi wani gwaji mai sauƙi ƙwarai. Ya sami bututun gilashi mai tsawon mita biyu, ya shafe cikinsa da baƙi don kada haske ya shigo ta gefe, ya cika shi da ruwan da aka tafasa aka tara tururinsa, watau ruwan da babu gishiri ko laka a cikinsa, ya jefa 'yan gutsattsarin farin tangaran a gindi. Da ya leƙa ta sama sai ya ga tangaran ya koma shuɗi. Babu sararin sama a cikin bututun, babu kuma baba. Ya buga sakamakon a 1847. Daga baya Walthère Spring na Baljiyam ya maimaita gwajin da bututai masu tsawo fiye da na Bunsen, ya sami shuɗin ya ƙara ƙarfi gwargwadon ƙaruwar tsawon.

Da a ce shaida kaɗai ke kashe gardama, da nan zancen ya tsaya. To, amma sai hankalin masana ya koma ga sararin sama. John Tyndall ya nuna cewa 'yan ƙananan ƙwayoyi masu yawo a iska ko a ruwa suna watsa shuɗin haske, a 1871 kuma Lord Rayleigh ya kawo lissafin da ya bayyana dalilin shuɗin sama. Wannan aiki ne babba wanda har gobe ake karantarwa. Sai dai a wata lacca da ya yi a Landan a 1910, bayan ya riga ya sami kyautar Nobel, Rayleigh ya ce shuɗin nan na tsakiyar teku da ake yabo ba shi da wata alaƙa da launin ruwa, hoton sama ne kawai ake gani a fuskar ruwan. Wannan ita ce amsar da har yau mutane da dama suke bayarwa idan yaro ya tambaye su.

Mutumin da ya ƙi yarda ya fito ne daga inda ba a zata ba. Chandrasekhara Venkata Raman ɗan Indiya ne, a lokacin tana ƙarƙashin mulkin Ingila, kuma ma'aikacin gwamnati ne kafin ya zama shaihun malami. Daga 1907 zuwa 1917 yana aikin akanta a Ma'aikatar Kuɗi, da rana yana ofis, da asuba da dare yana gwaje-gwaje a wani ɗan ɗakin bincike a Kalkata, har ya bar aikin ya karɓi kujerar jami'a a kan albashin da bai kai na da ba. A 1921 ya je taron jami'o'i a Ingila, a watan Satumba ya kamo hanyar gida a jirgin ruwa mai suna Narkunda. Shuɗin Bahar Rum ya tsaya masa a rai. Yana da wani ɗan gilashi a aljihu wanda yake iya tare hasken da ya faɗo a kan fuskar ruwa ya dawo, muddin an karkata shi daidai. Idan maganar Rayleigh gaskiya ce, da an tare hoton sama sai shuɗin ya tafi. Raman ya leƙa, sai ya ga shuɗin ya ƙara kyau da zurfi, har na sama ya zama kamar toka-toka kusa da shi. Tun jirgin yana tashar Bombai ya rubuta wasiƙa zuwa mujallar Nature, aka buga ta a Nuwamba na shekarar. Bin diddigin wannan tambaya ne ya kai shi, tare da almajirinsa Krishnan, ga binciken 1928 wanda ya ba shi kyautar Nobel a 1930.

Amma fa shi ma Raman rabin gaskiya ya kama. Ya jingina shuɗin ga yadda ƙwayoyin ruwa suke watsa haske, ya rage wa shanye ja muhimmanci. Vasily Shuleikin na Rasha ne ya haɗa biyun a 1923: ruwa yana shanye ja yayin da haske yake nutsawa, watsawar kuwa ita ke dawo da ragowar, wato shuɗi, zuwa idon mai kallo daga sama. Hoton sama yana da nasa rabo, musamman idan ruwa ya kwanta kuma an hango shi daga nesa, amma ƙari ne a kan launin da yake akwai.

Saura dalilin da ya sa ruwa yake shanye ja. Ƙwayar ruwa haɗin zarra uku ce, oksijin ɗaya da haidirojin biyu, kuma igiyar da ta ɗaure su tana kaɗawa kullum kamar tsirkiyar gurmi. Ainihin kaɗawar tana cin wani haske ne da ido ba ya gani, can bayan ja, amma ƙananan amonta suna taɓo jan da ake gani su gutsure shi. A 1993 Charles Braun da Sergei Smirnov na Kwalejin Dartmouth a Amurka suka nuna haka a fili. Suka kwatanta ruwan yau da kullum da ruwa mai nauyi, wanda haidirojinsa ya ninka na kullum nauyi. Tsirkiya mai kauri a hankali take kaɗawa, don haka amon ruwa mai nauyi bai kai ga ja ba. Ruwan kullum a bututu mai mita uku ya fito shuɗi, mai nauyin kuwa ba ya shanye komai a cikin hasken da ido yake gani. Galibin abubuwa masu launi, daga baba har jini, ta wata hanya dabam suke samun nasu. Ruwa kusan shi kaɗai ne a halitta da kaɗawar jikinsa take rina shi. Awon da aka yi a 1997 ya nuna cewa yana shanye jan ƙarshen bakan gizo fiye da sau 100 a kan yadda yake shanye shuɗi. Mita ɗaya ta ruwa tana cinye kusan rabin wannan ja, mita goma ba ta barin komai. Moɗa kuwa ba ta kai taƙi ɗaya ba, shi ya sa ba a ganin komai a cikinta.

A ƙasar Hausa da kewaye ba kasafai ake samun zurfi da tsabta a wuri ɗaya ba. Kwara da Binuwai laka suke ɗauke da ita, kududdufi kuma gansakuka ce ta rufe shi. Marmaron Wikki na Yankari a Jihar Bauchi yana cikin 'yan wuraren da sharuɗɗan suka cika, ruwa garai-garai a kan farin yashi, a ƙarƙashin inuwar itatuwa, kuma shuɗi-shuɗin nan mai ratsin kore yana nan ko da hadari ya rufe sama. Ma'aikacin hukumar ruwa kuwa, idan ya ce yana auna launi, ba wannan yake nufi ba. Yana aiki ne da ma'aunin da Allen Hazen na Amurka ya tsara a 1892, jerin kwalabe masu ruwan ɗorawa zuwa ruwan ƙasa, don gano ruɓaɓɓen ganye ko tsatsar ƙarfe da suka narke a ruwan sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga maki 15 mai sha yake fara ganin launi a kofi. A kan wannan ma'auni ruwa zalla sifiri ake ba shi, saboda kwalbar awon ta yi gajarta da shuɗinsa zai bayyana, kuma wannan sifirin ne yaron aji huɗu yake haddacewa.