Injin Beljiyam, Indomi da Hayaƙin Hotoro

In ka taɓa kai mota gareji a Hotoro, bakanike ya ce inji ya gama aiki sai dai a ɗora na Beljiyam, to ka taka wani tarihi da ya faro a 1986. A shekarar ce tsarin SAP ya karya naira. Sabuwar Fijo ta Kaduna ta fi ƙarfin ma'aikaci, sannu a hankali injunan gwanjo suka cika Ƙofar Ruwa.

A Turai kuwa, dokar Euro 1 ta 1992 ta sa motocin fetur zuwa da matatar hayaƙi a jikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi. Fetur ɗinmu na lokacin akwai dalma, ita kuwa dalma kashe matatar take. Wasu ma cire ta suke su sayar, saboda ƙarfe mai tsada da ke ciki.

A 2011 aka fitar da ƙa'idojin hayaƙin mota ƙarƙashin hukumar NESREA. Na'urar gwaji ba ruwanta da asalin inji, abin da salansa ta fitar take aunawa. Don haka in za ka sauya inji, a haɗo maka da ƙwaƙwalwarsa, kuma kar a taɓa indomin. Hayaƙin nan 'ya'yanka ne ke shaƙa.