Makka a Ƙafa: Ina Kakanninmu Suke Kwana a Hanya?

 Ga rubutaccen shirin wannan makon ga waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Abin da ya jawo wannan magana, kwanaki ne na raka wani ɗan'uwana maniyyaci sansanin alhazai, na ji yana ta mita wai an ɗage musu jirgi da kwana 2. Dariya ta kama ni, don na tuna kakan mahaifiyata. Daga wani ƙauye da ke yankin Sandamu ya tashi bayan an gama girbi, da matarsa da jaki ɗaya da buhun gero, ya nufi gabas. Shekara 7 ya yi kafin ya dawo. Ƙanensa da suka tafi tare bai dawo ba, kuma ba mutuwa ya yi a hanya ba. Zan zo kansa.

Tun ina yaro abin da ke ɗaure min kai ba nisan ba ne, ko da yake daga Daura zuwa bakin Bahar Maliya ya haura kilomita 3,000. Tambayata ita ce, da dare ya yi, ina suke kwana?

Bari mu fara da hanyar. Mutumin ƙasar Daura zai iya bi ta Gumel da Haɗeja ya faɗa Barno, ko ya haura Damagaram ya zagaya Tafkin Chadi ta arewa. Mafi yawa ta Barno suke bi, su tsallaka kogi a Kusiri zuwa Fort Lamy, wato Njamena ta yau, sai Abeshe a Wadai, sai Junaina da Fashir a Darfur, sai Ubayyid. Daga nan a gangara kogin Nilu, a ƙarasa Sawakin, a nemi jirgin ruwa zuwa Jidda. Kafin 1900 yaƙin Rabe ya rikita Barno, Darfur kuma tana hannun Sarki Ali Dinar har 1916. Bayan nan ne hanyar ta ɗan lafa, talakawa suka kwararo.

To masauki fa? Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba, tunda muna da gari sukutum mai suna Zango a cikin masarautarmu. Zango shi ne inda ayari ke yada kaya, galibi a bayan gari, kusa da ruwa. Fatake sun riga alhazai shimfiɗa wannan tsari: madugu yana jagorantar ayari, jagaba ya san hanya da rijiyoyi, a gari kuma akwai fatoma, mai saukar baƙi, wanda zai ba ka ɗaki, ya ajiye maka kaya, ya haɗa ka da mai saye. Ba kuɗin ɗaki yake jira ba, ladan cinikin da ka yi ta hannunsa shi ne ribarsa. Kuma duk babban garin da ka shiga har cikin Sudan, za ka tarar da unguwar Hausawa da shugabanta. Ka yi sallama da Hausa, a tambaye ka daga ina, ka ce Daura, sai a ce ai akwai wani Badauri can bayan masallaci, a tura yaro ya raka ka.

Wanda bai da abin sayarwa kuma, kamar kakan nawa, zaure ne da masallaci da tsangaya. Mahaifiyata ta ce allonsa shi ne takardar shaidarsa. Ya je wajen malamin gari, ya zauna cikin almajirai, a ga yana iya rubutun sha, shikenan ya samu tabarma da tuwon dare. Matarsa a shigar da ita cikin gida, ta taya daka da surfe. Kar mu yi wa abin kwalliya fa, ba ko'ina ake maraba ba. Akwai garin da za a ce musu su kwana gindin bishiya su wuce da asuba.

Yanzu ga inda abin yake da wuya, maganar taro. Tafiya kai kaɗai halaka ce. Akwai 'yan fashi, akwai masu kama mutane su sayar, kuma wannan bai tsaya a Afirka ba: Saudiyya ba ta haramta bauta a hukumance ba sai 1962, an kuma sha sayar da yaran alhazai a Hijaz, wani lokaci ma wanda ya ɗauko su daga gida da sunan kai su Makka shi ke sayar da su. Don haka dole ka shiga ayari. Amma babban ayari shi ma bala'i ne. Ku yi tunanin mutum ɗaruruwa da dabbobinsu sun sauka kan rijiya ɗaya a watan bazara. Na baya laka zai tarar. Farashin hatsi ya tashi a kasuwar ƙauyen nan take, mutanen gari su ɗaure fuska, mai karɓar haraji ya hango ƙura tun daga nesa. Ga cuta. Agana ko sanƙarau in suka shiga zango, ba sa tambayar wa ya yi niyyar Hajji.

Dabarar da na ji daga bakin tsofaffi ita ce a raba ƙafa. A daji mai hatsari a dunƙule da babban ayari, in an kusa gari a watse gida biyar-biyar, wasu su yi gaba da kwana ɗaya, wasu su sauka a ƙauyukan gefe maimakon babban zango. A tashi tun kafin asuba don a riga jama'a isa rijiya. Babbar dabarar kuma ita ce rashin gaggawa. Rani ake tafiya, damina a tsaya inda ta riske ka, ka roƙi aron gona, ka noma guzurin gaba. Mai ɗinki ya yi ɗinki, wanzami ya buɗe zabira, mata su soya ƙosai. Ni a ganina wannan shi ne sirrin abin gaba ɗaya: baƙon da ya zo da sana'a ba ya rasa ɗaki, don ba a kallonsa a matsayin nauyi.

A bakin teku ma haka aka yi ta wasan ɓuya da cunkoso. Turawan Ingila sun tsara a bi ta Sawakin, a killace mutane a duba lafiyarsu, a biya kuɗin takardu da na jirgi. Talaka da ya ga layi da kuɗin, sai ya sulale wani lungu na gaɓar teku, ko ya gangara Masawa ta Eritiriya, ya hau ƙaramin jirgin ruwa na Larabawa da dare, a sauke shi kudu da Jidda ya ƙarasa a ƙafa. Wasu sun isa. Wasu an zube su inda babu ruwan sha.

Ku kwatanta da manya. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi Hajji a 1921, ta jirgin ruwa, har ya biya ta Ingila. Lokaci ɗaya, ƙasa ɗaya, amma tafiya iri biyu.

To mu dawo kan ƙanen kakana. A Sudan an kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, ana neman hannu ido rufe. Dama tun bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu, garin da har yau ake kira Mai Wurno. Wato Bahaushe in ya isa can, gida ya tarar. Ƙanen kakana ya ce zai tsaya tsinkar auduga kaka ɗaya ya cika kuɗin jirgi. Kaka ɗaya ta zama biyu, ya yi aure, aka haihu. Masaukin ya yi daɗi har ya cinye tafiyar. Wani masani, Bawa Yamba, ya rubuta littafi a 1995 kan irin waɗannan mutane, waɗanda jikokinsu ma aka haifa a Sudan amma suna ce wa kansu alhazai masu kan hanya.

Daga shekarun 1950 jirgin sama ya fara kwasar alhazai daga Kano, hanyar ƙasa ta yi ta mutuwa a hankali. Mutanen da ta zubar a hanya kuwa suna nan. Su ake kira Takari ko Fallata. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu kan maganar ƙasa da sarauta, aka kashe Hausawa da dama, wasu suna ce musu baƙi bayan shekara sama da 100. A Afrilun 2023 kuma yaƙi ya game Sudan, har ya shiga Jazira.

Wasiƙa ta ƙarshe da ta zo gidanmu daga can da ajami aka rubuta ta, tun mahaifiyata tana budurwa. Tana nan cikin adakarta, gefe ya cinye, amma ana iya karanta sunan Wad Madani. Na ɗauki hotonta na tura wa wasu ɗalibanmu da suka yi karatu a Sudan, su ma sun tura gaba. Har yanzu shiru. Idan a gidanku akwai wanda ya tafi gabas a ƙafa bai dawo ba, ku tambayi tsofaffi sunan garin da aka ji ɗuriyarsa na ƙarshe, ku turo min. Ina haɗa sunayen garuruwan, zuwa yanzu daga Baure da Mai'aduwa da Zango na samu 11.