Rikicewar jinin al'ada da ciwon damuwa a wajen mata

Yayata da ke aure a Agege ta shafe watanni jini na zubar mata fiye da kima. Ta rame, ta daina zuwa biki da suna, barci ya ƙaurace mata. Mu a gida muka ce sammu ne. Sai da aka je asibiti muka gane jinin ne tushen komai, shi ya sa na tattaro wannan bayani.

Yaushe jini ya saɓa ƙa'ida?
A lissafin likitoci, al'ada takan zagayo tsakanin kwana 24 zuwa 38, kuma ba ta wuce kwana 8. In ta zarce haka, ko mace na canja auduga duk awa ɗaya ko biyu, ko jinin na fita da manyan gudaji, ko yana ɓullowa a tsakiyar wata, to akwai matsala. Daga cikin dalilai akwai ƙarin mahaifa, wanda ya fi yawa a baƙar fata, da rikicewar sinadaran jiki, da ciwon maƙoƙo, da wasu alluran tazarar haihuwa.

Ina damuwa ta shigo?
Yawan zubar jini na jawo ƙarancin jini, sai kasala, jiri da bugun zuciya. Ga fargabar ɓata zane a cikin danfo ko kasuwa, ga tsoron rashin haihuwa, ga ɗar-ɗar da miji. A gidan haya mai banɗaki ɗaya, nesa da uwa da 'yan uwa, wa za ta faɗa wa? Sannan ga kokwanton sallah da azumi. A mazhabar Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15, abin da ya ƙaru jinin ciwo ne, mace za ta yi wanka ta ci gaba da ibada.

In baƙin ciki, rashin barci da rashin sha'awar komai suka kai mako 2, ciwo ne mai magani, ba raunin imani ba.

Me za a yi?
A je asibiti a auna jini, a yi sikanin, kuma a faɗa wa likita halin zuciyar, kar a tsaya kan jinin kawai. A daina sayen magani a kemis da ka. Jini ga mai ciki, ko bayan saduwa, ko bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya, ba a jira da shi.

Maza, mu riƙa tambaya da taushin murya, mu kuma biya kuɗin asibiti. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.