Lamba 22: Tarihin Rowar Bayani a Cikin Kanel

Idan manhaja tana son buɗe fayil ko amfani da kyamara, ba ta taɓa na'ura kai tsaye. Buƙata take miƙa wa kanel, wato cibiyar tsarin da ke sarrafa kwamfuta. Idan buƙatar ba ta yiwu ba, lamba ɗaya ake mayar mata. Al'adar ta samo asali daga Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a Bell Labs ta Amurka a 1969, zamanin da ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ta da sararin ɗaukar dogon zance. Lamba 2, ENOENT, tana nufin babu fayil ɗin. Lamba 13, EACCES, tana nufin babu izini. Ƙa'idar POSIX ta 1988 ta daidaita sunayen, Linux kuma ya gaje su a 1991.

Wadda ta fi wahalar da injiniyoyi ita ce 22, EINVAL. Ma'anarta dai akwai abin da bai dace ba cikin buƙatar. Wanne ne? Ba ta faɗa. Buƙata guda tana iya faɗuwa saboda dalilai masu yawa, duk da lamba iri ɗaya, sai mai rubuta manhaja ya koma karanta asalin rubutun kanel yana laluben inda ya kuskure.

An daɗe da sanin maganin. Tsarin Plan 9, wanda shi ma a Bell Labs aka gina shi bayan Unix, jimla yake mayarwa mai bayyana kuskuren. Linux bai bi sahu nan da nan ba, saboda alƙawarin da Linus Torvalds ya riƙe tsawon shekaru: sabon kanel ba zai lalata manhajar da ke aiki a kan tsoho ba.

Nauyin alƙawarin ya fito fili a Disamba 2012. Wani gyara a sashen kyamara ya sauya amsar wata buƙata daga EINVAL zuwa ENOENT. Wata manhaja, wadda ke jiran tsohuwar lambar, ta shiga maimaita tambaya ba tsayawa. Torvalds ya ƙi yarda a ɗora laifin kan manhajar, aka gyara kanel. Shekara guda kafin nan, da aka sauya lambar sigar Linux daga 2.6 zuwa 3.0, wasu manhajoji da suka ɗauka kullum da 2.6 za ta fara suka rikice, har aka ƙara hanyar da kanel zai nuna musu lamba irin ta da.

Idan lamba ɗaya ta jawo haka, jimla fa? Magana zarar bunu ce. Da zarar kanel ya fara fitar da bayani a rubuce, wani zai rubuta manhajar da ke duba kalmomin don yanke hukunci, daga ranar kuwa gyaran harafi ɗaya zai iya tsayar da aikin wani kamfani. Hyrum Wright, injiniyan da ya yi aiki a Google, ya lura da wannan har ake kiran abin da sunansa: idan masu amfani suka yi yawa, duk halin tsari da ake iya gani wani zai dogara da shi, ko an yi alƙawari ko ba a yi ba. Ga kuma matsalar harshe, domin lamba ana fassara ta zuwa kowane yare a wajen kanel, jimla kuwa da Turanci za ta fito.

Mafitar da aka samu ita ce a ajiye lambar a matsayin alƙawari, a haɗa ta da bayani don idon mutum. A 2017, Linux 4.12 ya ba Netlink, hanyar da ake saita sadarwa da ita, damar haɗa lambar da gajeren saƙo, har da nuna gurbin da aka yi kuskure. A 2019, Linux 5.2 ya kawo sabuwar hanyar haɗa faifai wadda ke ajiye saƙonni don manhaja ta karanta idan ta so. Tsofaffin buƙatu, irin ta buɗe fayil, lamba kawai suke mayarwa har yau.

Wayoyin Android da mafi yawan sabobin intanet a kan Linux suke, saboda haka duk mai aika kuɗi ta waya yana cin moriyar wannan taka-tsantsan. Kuɗinsa kuwa injiniyan da ya kwana yana neman abin da lamba 22 ke nufi ne ke biya.