Zaure Ɗaya, Gida Biyu: Tarihin Rigimar da Ke Hana Kwamfuta Tashi

Cikin abubuwan da suka fi tsinka zuciyar mai koyon ilimin kwamfuta, ko ɗalibi ne a Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa ko yaron shago a Haɗejiya, akwai ranar da zai ɗora Linux kusa da Windows, ya sake kunna na'urar, sai ta tsaya a baƙin allo da rubutun "grub rescue", ko kuwa ta zarce cikin Windows kamar ba a taɓa zuba mata wani abu ba. Da yawa kan ɗauka komai ya salwanta, su kai wa mai gyara ya share ma'adanar baki ɗaya, aikin shekara guda ya bi ruwa. Alhali a mafi yawan lokuta babu takarda ko ɗaya da ta ɓata. Ɗakunan suna nan da kayansu. Zaure ne aka yi rigima a kansa. Rigimar kuwa ta haura shekara arba'in, kuma wanda ya san tarihinta ya san rabin maganinta.

Tushen al'amarin yana a 1983, lokacin da kamfanin IBM ya fitar da PC DOS 2.0 tare da kwamfutarsa mai ma'adana a ciki. An tsara cewa da zarar an kunna na'ura, ƙaramar manhajar da ke jikin allonta, wato BIOS, za ta karanta gurbin farko na ma'adana, mai girman bayit 512, ta miƙa ragama ga duk abin da ta tarar a wurin. Bayit 446 na umarnin tayarwa ne, 64 na jadawalin da ke raba ma'adanar kashi huɗu, biyun ƙarshe kuma hatimi ne. Ma'ana, an yarda gida ya kasu sassa huɗu, amma zaure ɗaya aka gina, kuma mutum ɗaya kaɗai yake iya zama a cikinsa. Duk babbar manhajar da aka ɗora daga baya, ita ke kafa nata mai gadin.

Masu Linux sun shigo a matsayin baƙi, don haka suka koyi ladabin baƙunta. LILO, wanda Werner Almesberger ya fara a 1992, yakan bai wa mai kwamfuta zaɓin sashen da zai shiga. Yana da wata hikima: haruffan sunansa huɗu yake rubutawa ɗaya bayan ɗaya yayin da yake tsallake matakai, ta yadda idan ya tsaya a "LI", gwani ya san inda ƙafarsa ta karye. GRUB, wanda Erich Boleyn ya ƙirƙira a 1995 kuma ya shiga hannun GNU a 1999, ya fi shi wayo, domin yana iya karanta tsarin fayiloli da kansa. Sai dai girmansa ya fi ƙarfin bayit 446, saboda haka kansa ne kawai a zaure, gangar jikinsa na cikin sashen Linux. Wanda ya goge wannan sashe ko ya gusar da shi, ya bar kai ba jiki, kuma kukan wannan kai ne "grub rescue". Windows kuwa, a duk lokacin da aka ɗora ta, takan shimfiɗa nata umarnin a zaure ba tare da neman maƙwabci ba. Daga nan aka samo tsohuwar ƙa'idar masu gyara: Windows a farko, Linux a biye.

Riƙon zaure bai tsaya ga fasaha ba, har da ciniki. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Hitachi na Japan ya sayar da kwamfutoci masu ɗauke da Windows da kuma BeOS, amma babu jerin zaɓi da zai nuna wa mai saye cewa ta biyun tana ciki. Kamfanin Be ya kai Microsoft ƙara a 2002, yana zargin cewa sharuɗɗan lasisinsa ne suka hana masu ƙera kwamfuta buɗe wa wani ƙofa. A 2003 aka sasanta a kan dala miliyan 23.25, ba tare da Microsoft ya amsa laifi ba.

Nijeriya ma ta taɓa zama fagen wannan kokawa. A 2007 kamfanin Mandriva na Faransa ya sami cinikin ɗora Linux ɗinsa a kan ƙananan kwamfutocin Classmate na Intel guda 17,000 da aka tanadar wa makarantun ƙasar nan. A ƙarshen Oktoba shugaban kamfanin, François Bancilhon, ya rubuta wa Steve Ballmer na Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa, yana kukan cewa an sanar da shi za a biya kuɗin manhajarsa, amma za a share ta a maye gurbinta da Windows. Cikin 'yan kwanaki asusun USPF na gwamnatin tarayya, wanda ya ɗauki nauyin 11,000 daga cikin na'urorin, ya nuna cewa Mandriva yake son a bari. Tambayar da ke damun ɗalibi a ɗakin kwanansa ita ce ta kai ga manyan ofisoshi: wa zai fara tarbar yaro idan ya danna maɓalli?

Injiniyoyi sun nemi kashe rigimar ta hanyar faɗaɗa zauren. Tsarin UEFI, wanda ya samo asali daga Intel kuma ya koma hannun gamayyar kamfanoni a 2005, ya keɓe wani ɗan sashe a ma'adana inda kowace babbar manhaja ke da nata kusurwar, sannan allon kwamfutar ya riƙe jerin wanda za a fara kira. Yanzu ba a cika tumɓuke mai gadi ba, sai dai a tura sunansa ƙasan jeri. Amma da zuwan Windows 8 a 2012 aka ƙara ƙa'idar Secure Boot, wadda ba ta barin kowa ya shiga sai mai hatimin da na'urar ta amince da shi, kuma hatimin da kusan duk kwamfutoci suka sani na Microsoft ne. Dole manyan nau'o'in Linux suka riƙa shigowa ta hannun wani ɗan jagora mai suna shim, wanda Microsoft ke sa wa hannu. Hatsarin hakan ya bayyana a Agusta 2024, da wani sabuntawar tsaro na Windows ya hana Linux tashi a kan kwamfutoci masu manhaja biyu, ko da yake an ce ba zai shafe su ba. Cikakken gyara bai zo ba sai a Mayu 2025.

Wannan tarihi shi ne jadawalin bincike ga wanda abin ya sama. Da farko ya shiga saitin UEFI ya duba jerin tayarwa, domin sau da yawa ɗaga suna ɗaya sama ya wadatar. Sannan ya tabbatar an ɗora manhajojin biyu bisa tsari guda: idan ɗaya ta bi tsohon tsarin BIOS, ɗaya ta bi UEFI, ba za su ga juna ba. Idan Windows ce ta ɓace daga jerin GRUB, ya sani cewa tun fitowar GRUB 2.06 a 2021 aka rufe os-prober, mai neman maƙwabta, sai an buɗe shi da hannu, in ba nau'in Linux ɗin ya riga ya yi hakan ba. Idan GRUB ɗin ne ya karye, ya tayar da na'urar daga filashin Linux, ya fara kwafe takardunsa, sannan ya sake kafa shi. Kafin taɓa Secure Boot kuwa, ya nemo mabuɗin BitLocker ya rubuta a takarda, don kada ya kulle kansa a waje. Ya kuma kashe Fast Startup, wanda ke barin Windows cikin gyangyaɗi maimakon cikakken kashewa, har Linux ta ƙi rubutu a sashenta. Idan ya ga agogo ya karkace da awa guda, ba batir ba ne: Linux na ajiye lokacin duniya a agogon na'ura, Windows na ɗaukarsa lokacin gida, Nijeriya kuma na gaba da lokacin duniya da awa ɗaya.

Maganar za ta ƙara nauyi a 'yan shekarun nan. Microsoft ya daina tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma ɗimbin kwamfutocin gwanjo da ake sarowa daga Kano zuwa garuruwan Jigawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Masu su da yawa za su gwada Linux, kuma kaɗan ne za su yarda su saki tsohuwar manhaja a rana ɗaya. Mai gyaran da ya san bambancin zaure da ɗaki zai ceci takardun mutane masu yawa, wanda bai sani ba kuwa zai ci gaba da rushe gida saboda ƙofa ta ƙi buɗuwa.